Alƙalin da ke Cikin Mota da Shaidunsa

 

Abin da ya jawo sharhinmu na yau wata ƴar wahala ce da ta same ni a daminar da ta wuce, ranar da na shiga mota daga Dantchiao zan tafi Magarya ta'aziyya. Mota ce mai kyan gani, ba ta daɗe da isowa daga bakin teku ba, har fasinjoji suna ta yi wa direba barka da arziki. Ba mu yi wani nisa ba sai ta fara shessheƙa kamar wanda ya ƙware da fura, ta ja, ta saki, ta sake ja, daga bisani ta mutu murus a tsakiyar yashi. Direba ya sauka ya buɗe kanta ya tsaya yana kallon inji, mu kuma muka tsaya muna kallonsa. Sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya ce ya yi shekaru yana jan fijo tsakanin Damagaram da Kano a zamanin ƙuruciyarsa, ya matso ya ce, "Yaro, kwance kafireta ka busa mata, datti ne." Direba ya rusuna ya ce, "Baba, ai wannan ba ta da kafireta." Dattijo ya yi shiru, can ya ɗaga kai ya ce, "To, da me take shan mai?" Babu wanda ya iya amsa masa a cikinmu, har da ni da ake kira malam. Tun daga wannan rana na ɗaura niyyar bin mas'alar nan har tushenta, na zauna da kanikawa, na karanta abin da ya sawwaƙa, ga shi yau na kawo muku abin da na samo.

Injin mota, duk da yawan ƙarafansa, gidan wuta ne. A cikinsa akwai ƴan ɗakuna masu siffar turmi, galibi huɗu a ƙananan motoci, waɗanda kanikawa suke kira silinda, a cikin kowane turmi kuma akwai taɓarya mai hawa da sauka, wato fistin. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da mai, ya hau ya matse su matsi mai tsanani, sai filogi, wanda muka fi sani a nan da buji, ya ƙyasta musu wuta, su fashe su tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙin waje. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya daidaita wannan tsari mai gaɓa huɗu a 1876, har yau kuwa a kansa ake, daga babur ɗin ɗan kabu-kabu har motar gwamna.

To, amma wutar nan tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne mizani. Masana sun tabbatar cewa, in ana son fetur, ko esansi kamar yadda muke faɗa, ya ƙone ƙurmus bai bar saura ba, lalle ne kowane kilo 1 na mai ya sami iska kilo 14.7. Wanda bai saba tunanin cewa iska tana da nauyi ba zai ga abin kamar ƙarami ne, amma idan aka mai da shi ga awon da muka sani, kwalbar lita guda da ake zuba wa babur a bakin kasuwa tana bukatar iska kimanin lita 9,000, wato cikin duro 45, kafin ta ƙone yadda ya kamata. In mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. In iska ta rinjayi mai, sai inji ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, har bawul ya iya ƙonewa. Saboda haka duk hikimar da aka zuba a wannan sashe na mota, tun fiye da shekara ɗari, ƙoƙarin tsai da wannan mizani ne kurum.

Kafireta ita ce amsar mutanen farko, kuma amsa ce mai ban sha'awa saboda sauƙinta. Maƙogwaro ne na ƙarfe mai ƙunci a tsakiya, iska kuwa ɗabi'arta ce in ta ratsa wuri mai ƙunci ta ƙara sauri, in ta ƙara sauri kuma ta janyo abin da ke gefenta; sai aka sa ƴar tasar mai a gefen, da ɗan rami, iskar da ke wucewa tana tsotso man tana watsa shi, kamar dai famfon feshin maganin sauro na da, mai gwangwani a baki. Babu waya, babu lantarki. Wannan ne ya sa bakanike mai sukudireba ɗaya da ƴar roba ta fetur yake iya kwance ta a gindin bedi ya wanke ya mayar kafin fasinjoji su gama sallar azahar, kuma wannan ne ya sa fijo 404 da 504, musamman bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa su a Kaduna a 1975, suka zama jakunan ƙasar Hausa. Har gobe akasarin baburan da ke yawo a garuruwanmu, da injinan ban ruwa da masu rake da kayan lambu suke amfani da su a fadamun Korama, da kafireta suke aiki. Ba na raina ta, kuma dattijon nan bai yi kuskure ba a ilminsa, zamaninsa ne ya wuce shi bai sani ba.

Illar kafireta ita ce, da ƙiyasi take awo. Ba ta san safiyar hunturu ba, ba ta san tsakar ranar bazara ba, ba ta san ko abin da ta zuba ya ƙone ko ya fita banza ba. Muddin motoci kaɗan ne, babu wanda ya damu. Amma da suka yi yawa a biranen Amurka, har hayaƙi ya riƙa rufe garin Los Anjalas kamar hazo, idanun mutane suna zafi, sai hukuma ta tsananta dokar tsabtar iska a 1970, ƙasashen Turai kuma suka biyo baya daga bisani, ya zama tilas masu ƙera motoci su nemi awo na haƙiƙa. Kamfanin Bosch na Jamus ya riga ya fitar da tsarin fesa mai wanda lantarki ke sarrafawa a 1967, aka fara sa shi a wata motar Volkswagen, kafin farkon shekarun 1990 kuwa kafireta ta kusa ɓacewa daga sababbin motocin Turai da Amurka. Mu kuma, da yake rabonmu shi ne abin da suka hau suka gaji, sai sauyin ya iso mana a makare, a cikin jiragen ruwan da ke sauke tsofaffin motoci a Kwatano da Lome. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 nasu kuwa Afirka suka nufo. Motocin sun iso, amma bayaninsu bai biyo su ba.

Ga amsar tambayar dattijo. A motar zamani, can cikin tanki, nitse a cikin man kansa, akwai ɗan famfo na lantarki, shi ne wanda za ku ji yana ƴar ƙara kamar kudan zuma idan an murɗa makulli kafin a ta da inji. Shi yake tura mai ta cikin matata, ya bi siririn bututu har gaban mota, ya taru a wata sandar ƙarfe da ke kwance a kan inji, da matsi kimanin ba 3 (ba ma'aunin matsi ne), alhali iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da ɗan abin da ba a rasa ba. Daga sandar nan kowane silinda yana da nasa bakin feshi, wanda kanikawa suke kira nozul. Nozul ƙofa ce mai allura a ciki, da maganaɗisun lantarki. In an ba shi wuta allura ta ɗaga, mai ya fita a watse kamar raɓa, in an ɗauke wuta ta koma ta rufe. Tsawon lokacin da ƙofar take buɗe shi ne miƙdarin man da ya shiga, lokacin kuwa ƴan kashi ne cikin 1,000 na sakan ɗaya. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yakan yi a kan kwaltar Magarya zuwa Damagaram, kowane nozul yana buɗewa ya rufe sau 25 a sakan guda, kuma kowane buɗewa da nasa hukuncin.

Wa ke yanke hukuncin? A nan nake so masu sauraro su ba ni aron kunnuwansu da kyau, domin wanda ya gane wannan ya gane motarsa. Akwai wani ɗan akwati da aka ɓoye a bayan allon gaban direba ko kusa da inji, kwamfuta ce, kanikawa suna ce mata ƙwaƙwalwar mota. Ni kuwa da na fahimci aikinta sai na ga babu abin da ta fi kama da shi kamar alƙali a zauren shari'a. Alƙali ba ya zuwa gona ya ga inda shanu suka yi ɓarna, yana zaune ne, shaidu suna zuwa suna faɗa masa, shi kuma ya auna maganarsu da abin da ke rubuce a littafi ya yanke hukunci. Haka wannan akwati yake, makaho ne, bai taɓa ganin mai ko iska ba, sai abin da shaidunsa suka gaya masa ta waya. Wani shaida yana tsaye a bakin hanyar iska da siririn zare mai zafi, gwargwadon yadda iska ta sanyaya zaren gwargwadon yawan da zai faɗa. Wani yana ƙirga juyin inji, yana faɗin inda kowane fistin yake. Wani yana lura da yadda direba ya taka totur. Wani kuma yana nitse a cikin ruwan inji yana ba da labarin zafi ko sanyi. Da jin bakinsu sai alƙali ya ce a buɗe nozul kaza na tsawon kaza, a ƙyasta buji a lokaci kaza, ya kuma sake zama a kan sabuwar shari'a kafin ƙiftawar ido.

Alƙalin nan ba ya karɓar toshi, ba ya gajiya, amma yana da rauni irin na kowane alƙali: in aka kawo masa shaidar zur, da ita zai yi hukunci. Alal misali, al'ada ce a garejinmu, mota tana isowa daga bakin teku sai a cire mata tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya yi zafin da ya dace, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Da an cire shi sai ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, musamman da asuba ko a lokacin ɗari, shaidan zafi ya yi ta cewa inji da sauran sanyi, alƙali kuma, bisa ƙa'idar da aka rubuta masa cewa inji mai sanyi yana son ƙarin mai, ya yi ta ƙari. Mai mota yana kukan motarsa ta cika shan mai, bai san da kuɗinsa aka saya masa wannan ciwo ba. Haka nan wanda matacin iskarsa ya toshe da ƙurar hunturu, maimakon ya sayi sabo sai ya huda shi da ƙusa ko ya jefar da shi gaba ɗaya. Ƙura ta lulluɓe zaren shaidan iska ya fara faɗin abin da ba shi ne ba, sauran kuma ta wuce cikin silinda tana cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Ku tuna duro 45 ɗin nan na kowace lita, ku auna yawan rairayin da ke cikinsu a hanyoyinmu.

Masu motocin gazuwal, nasu ya fi tsanani. Injin da Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba shi da buji. Iska kaɗai ake matsewa har ta yi zafin da in an fesa mata mai zai kama da kansa, don haka shi tun asalinsa da feshi yake aiki. Tsofaffin manyan motoci da tsofaffin Hilux suna da famfo na ƙarfe zalla mai haƙuri da wahala. Amma tun daga 1997 aka shigo da sabon tsari wanda kwamfuta ke tafiyarwa, matsinsa yakan kai ba 1,600 har zuwa 2,000, ramukan nozul ɗinsa kuwa kusan kaurin silin gashi ne. Ƙwayar rairayi ɗaya, ko cokalin ruwa, ya isa ya jawo gyaran da zai ci kuɗin bijimi.

Wannan ya kawo mu ga maganar tsarkin mai, wadda na san tana da ɗan ɗaci a yankinmu. Duk wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya san ba a shiga babin salla sai an wuce babin tsarki, kuma ya san ana gane ruwan da ya canza ta launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Motar zamani ma haka take, tsarkin mai sharaɗi ne a gare ta. Mu kuwa shekara da shekaru a hannun ƴan ruwa-ruwa muke shan mai, tun lokacin da rangwamen gwamnatin Najeriya ya sa na can ya fi araha, ana ɗauko shi a jarkoki bisa babura ta hanyoyin daji. Ba zan zage su ba, domin gaskiya ita ce su suka riƙe ƙauyukan da gidan mai bai taɓa isa ba, kuma da yawa daga cikinsu masu amana ne. Ko bayan da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, mai tace ganga 20,000 a yini daga ɗanyen man Agadem, kwalba ba ta bar bakin hanya ba. Ko bayan da shugaba Bola Tinubu ya janye rangwamen ran 29 ga Mayu 2023, farashi ya ninka fiye da biyu a can cikin ƴan kwanaki, kasuwar ta birkice, kwalbar tana nan, domin nisan gidan mai bai ragu ba. Galibin ɓarnar ma ba ta ha'inci ba ce, ta sakaci ce: jarkar da aka ɗebo ruwa da ita jiya, mazurarin da ya kwana a ƙasa, tsumman da ake tacewa da shi wanda shi kansa yana bukatar wanki. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda bakin famfo yake. Amma wanda yake zuba kalanzir a fetur da gangan don ya ƙara riba, wannan algus ne, hukuncinsa kuwa ba ya bukatar sai an tambayi mufti. Kada kuma a ɗauka gurɓataccen mai a kwalba kaɗai yake: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya a jiragen ruwa daga Beljiyam, ya lalata motocin mutane a manyan gidajen mai na Legas da Abuja.

Motarmu ta ranar ta'aziyya, da aka jawo ta gareji, abin da aka tarar ke nan: ruwa da laka a gindin tanki, matata ta toshe, famfo ya ƙone. Bakaniken ya ƙara wa direba da wani karatu wanda na ga ya cancanci a maimaita shi a nan. Ya ce, "Maigida, famfon nan man da ke tanki ne yake sanyaya shi. Kai kuwa kullum lita biyu, lita uku, allura ba ta taɓa barin ja ba. Yaya ba zai ƙone ba?" Kuɗin man da mutum zai sha a mako ɗaya ne ko a cike tanki yake ko a ƙasa, bambancin kawai a fara cikawa sau ɗaya.

Yanzu sai mu juya ga wutsiyar mota, wadda mutane da yawa suke ɗauka bututu ne kawai na kore hayaƙi, in ya huje a ɗaure da gwangwani da waya. Hasali kuwa babban shaida a can yake zaune. Da hayaƙi ya fito daga silinda ya haɗu a bututu ɗaya, abu na farko da yake tararwa shi ne wani ɗan ƙarfe mai kama da buji, wanda aikinsa shi ne sansano ko da sauran iskar oksijin a cikin hayaƙin. In da saura da yawa, mai ya yi kaɗan. In babu, mai ya yi yawa. Sauran shaidu duk suna faɗin abin da ya shiga ne, shi kaɗai yake faɗin abin da ya fito, wato shi ne mai gaya wa alƙali ko hukuncinsa ya yi daidai, alƙali kuma ya gyara nan take, ya ɗan ƙara, ya ɗan rage, ba fasawa. Bosch ne suka ƙera shi, aka fara sa shi a motocin Volvo a 1976. To, a ce bututu ya tsage a gaban wannan shaida, iskar waje tana kutsawa ta tsagar. Sai ya rantse cewa oksijin ya yi yawa, alƙali ya yi ta zuba mai, alhali inji ba ya bukata. Tsaga a wutsiya, asara a aljihu, mai mota kuwa yana can yana zargin nozul.

Bayan shaidan akwai wata tukunyar ƙarfe mai kumburi, a cikinta akwai wani abu na yumɓu mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda kanikawan Najeriya suka laƙaba wa suna indomi saboda kamarsa da taliyar nan, sunan kuma ya tsallako har wajenmu. An shafe ramukan da ƙurar wasu ma'adinai masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda kaso mai yawa nasu daga ƙasar Afirka ta Kudu ake haƙo su. Idan tukunyar ta yi zafi, ta wuce awo 300 a ma'aunin zafi, sai guba iri uku da ke cikin hayaƙi, wato iskar kabon monoksaid, da man da bai ƙone ba, da wata iska mai cin huhu wadda zafin wuta ke haifarwa, su shiga ta wannan gefe su fita ta wancan akasarinsu sun zama tururin ruwa da iskar da ba ta kisa nan take, su kuwa ma'adinan ba su ragu ba. A Amurka aka fara sa ta a akasarin sababbin motoci a 1975, Turai kuma ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. Ba ta aiki sai mizanin 14.7 ya tsaya daidai, shi ya sa ita da nozul da shaidan oksijin ƴan ɗaki ɗaya ne. Ba ta kuma shiri da gubar dalma da aka daɗe ana zubawa a fetur, abin da ya sa aka yi ta fafutukar hana ta, har ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Darajar ma'adinan nan ita ta zama musibar indomi. Akwai masu yawo gareji gareji suna sayensa, motoci da yawa ma tun kafin su iso hannun mai su an riga an fasa tukunyar an kwashe an like. Akwai kuma bakaniken da zai ce maka, "Alhaji, indomi ne ya toshe, shi ya sa ba ta da ƙarfi, bari a fitar da shi," ya fitar, bai kuwa mayar maka da ɓaraguzan ba. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, yakan toshe. Amma ba ya toshewa haka kawai, sai in buji ya mutu ɗanyen mai yana gangarowa yana ƙonewa a cikinsa har ya narke, ko inji yana shan baƙin mai. Wanda ya fasa indomi ya bar mataccen buji ya kashe ɗan aike ne ya bar mai saƙo. Mota za ta yi tafiya ba tare da shi ba, wannan gaskiya ne, sai dai ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa za ta kama a gaban direba, gubar kuma ta koma fita ɗanya a tasha, a hancin mai tallan ƙosai da ɗan da ke bayanta. Fitilar ma ba ado ba ce, alƙali ne yake cewa yana da magana, kuma yana rubuta ƙorafinsa. Akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta tun 1996, in aka jona mata ƴar na'ura sai ta karanto abin da ke damun mota. Maganinmu a nan shi ne a like fitilar da baƙin salatif.

Salansa, wadda take can ƙarshe, ba ta da wani sirri mai yawa: ɗakuna ne da bututu masu huji inda ƙarar fashewar take kai da kawowa har ta gaji. Samarin da suke cire ta babur ranar ɗaurin aure don a ji zuwansu ba su ƙara wa babur gudu ko taƙi ɗaya ba, tsofaffi da marasa lafiya kawai suka hana barci. Launin hayaƙi kuwa bayani ne ga mai lura: baƙi, mai ya yi yawa, shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga silinda. A kuma kiyaye da ajiye mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko harawa a lokacin kaka, domin zafin tukunyar nan ya isa ya ta da gobara.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Hayaƙin da ake gani yana sa tari, amma wanda yake kisa ba a ganinsa. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, saboda haka mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, daga nan wani ba ya tashi. Tsohuwar Hiace mai ruɓaɓɓen ƙasa da tsagaggen bututu, an rufe gilasai saboda ƙura ko sanyi, yaran da ke kujerar baya suna amai ana cewa wahalar hanya ce. Janareta kuwa, wanda ba shi da indomi ko alƙali, an shigar da shi ɗaki ko shago saboda tsoron ɓarawo, da safe a tarar da mutane kwance, a ce sammu ne, ko abinci, ko iskoki. Iska ce kam, amma ta bututu.

Don haka ina roƙon direbobinmu da shugabannin tasha, don Allah, duk motar da bututunta ya tsage a ƙarƙashin fasinja a kai ta wajen mai walda kafin a yi mata lodi. Ina roƙon iyayen gida kada inji ya kwana yana aiki a inda mutum yake kwana, ko da taga a buɗe take. Wanda kuma ya ji kansa yana sarawa a cikin mota, ya ga na kusa da shi ma haka, kada ya ji kunyar cewa a tsaya a buɗe ƙofa.